Teburin Taliyar Gwaggo Sarom

Ranar da Gwaggo Sarom ta yi suna, ita ba ta ma sani ba. Tana tsugune a bayan gida tana kankare wasu 'yan kifaye da ba su kai yatsa ba, tana zazzaga masifa ita kaɗai yadda ta saba. 'Yar ƙaninta, Nimol, tana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu tana danne dariya.

"Wai wannan ne kifin tafkin Tonle Sap," in ji tsohuwar, ta ɗaga ɗaya ta wutsiya. "A da in ka jefa bokiti a tafki sai ka roƙi kifi ya matsa ka samu ruwa. Yanzu manya sun shinge ko'ina da raga, sun bar mana jikoki. Wannan in na sa shi a miya sai na ari tabarau kafin in gan shi. Su ci. Su yi ta ci har ƙaya ta maƙale musu a wuya."

Nimol malamar makarantar gwamnati ce, ta san abin da ke samun malamin da ya ɗora irin wannan magana a shafinsa. Don haka ba ta ɗora a nata ba. Ta ɗauki wayar gwaggonta, wadda aka yi wa rajista da katin shaidar tsohuwar, ta buɗe sabon shafi a Fesbuk da sunanta da hotonta, ta sa bidiyon. A ƙarƙashinsa ta rubuta dogon bayani, duk abin da ya daɗe yana cin ta a rai. Gwaggo Sarom ba ta iya karatu ba. Abin da ta sani a waya shi ne saƙon murya: ta danna, ta yi magana, ta saki, kamar sauran matan kasuwa.

Kwana biyu bayan haka wata jam'iyyar adawa da aka haramta ta tsinci bidiyon. Shugabanninta duk suna ƙasashen waje, ba su da ofis ko tuta a cikin ƙasa, shafinsu ne kawai ya rage musu. Suka manna tambarinsu a gefe, suka sa kiɗa mai ban tausayi, suka raɗa mata suna Uwar Talakawa.

Gidan nan ya rikice da murna. Nimol ta shigo da gudu takalmi ɗaya a ƙafa.

"Gwaggo, dubu ɗari biyu. Mutum dubu ɗari biyu sun kalle ki."

"Suna kallon me? Ba su da aikin yi ne?"

"Har daga Koriya ake gaishe ki. Ga wani yana cewa zai aure ki."

"Ki ce masa ya fara aiko da kifi mai girma, sai mu duba."

Malis, uwar Nimol, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ita ma tsohuwar daɗi ya kama ta, ba na ɓoyewa ba. Shekara sittin da ɗaya tana magana ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshen zancenta, yau ga duniya tana maimaita shi. Ta sa aka kunna mata bidiyon sau huɗu, abin da ya dame ta kawai shi ne an ɗauke ta da tsohon zane.

A kasuwa kuwa abin ya wuce misali. Teburinta yana daidai ƙofar shiga, kusa da masu kifi, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan tana sayar da taliyar shinkafa da koriyar miya a kansa. A wurin nan ta ciyar da ƙaninta Kosal har ya gama makaranta, kuma albarkacin teburin ne ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba duk da tana zaune a ɗakin baya na gidansa. Satin nan kafin ƙarfe takwas tukunya ta ƙare. Samari a kan babura suna tsayawa a ɗauke su hoto da ita, suna cewa ta ƙara faɗin maganar ƙayar nan. Tana faɗa, suna tafi, tana ƙara gishiri. Kanha mai sayar da furen ayaba a gefenta ta ce, "Yaya Sarom, ki dai riƙa taka burki." Ta ce mata hassada ce.

Mutum ɗaya ne a gidan murnarsa ta gauraya da ƙunci, shi ne Kosal. Shi ne sakataren gunduma na Jam'iyyar Zangarniya, jam'iyya mai rajista, mai takarda da hatimi, wadda allonta ke kafe a ƙofar gidan. Membobinta a gundumar bakwai ne, har da shi da matarsa. Irin jam'iyyun nan ne da ake bari su rayu don a samu abin lissafawa a takardar zaɓe. Shekara uku yana ɗora hotunan taro a shafinsu, kujeru sun fi mutane yawa, bai taɓa samun mutum goma da suka danna alamar yabo a hoto ɗaya ba.

"Yayata ce fa," ya ce yana zagaya tsakar gida. "Ciki ɗaya muka fito. Wasu can suna zaune a ƙasar sanyi sun kwashe ta kyauta, ni da nake da rajista ina kallo."

Washegari da la'asar ya ɗora mata hular jam'iyya, ya zaunar da ita a ƙarƙashin allo.

"Yaya, ki faɗi irin ta ranar nan, amma a hankali. Kada ki ce manya. Ki ce muna roƙon hukuma cikin ladabi ta duba lamarin kifi."

"Ladabi ai ba ya kama kifi, Kosal."

"Haka ma ya yi. Nimol, kin ɗauka? Sa shi haka."

Bidiyon ya samu kallo dubu goma sha ɗaya. Kosal bai ci abinci a zaune ba ranar. Shugaban jam'iyyarsu da kansa ya kira shi daga babban birni, Phnom Penh, ya amsa wayar a tsaye yana sunkuyawa kamar mutumin na gabansa. Daga nan uba da 'ya suka shiga rabon tsohuwa: safiya ta kasuwa, azahar ta Nimol, la'asar ta Kosal. Kowa ya zo da abin da yake so ta faɗa, ita kuma tana faɗa tana dariya, don ta ga yaranta suna farin ciki, kuma ba ta taɓa iya hana su komai ba.

A mako na biyu matasan jam'iyyar gwamnati suka shigo. Su ma suna da shafuka, ɗaruruwa, kuma aikinsu ke nan tun safe. Suka yanko bidiyonta mai tambarin 'yan waje suka haɗa da mai hular Zangarniya, suka zagaye fuskarta da jan layi, suka tambayi jama'a wa ke ɗaukar nauyin wannan tsohuwa. Nimol ta karanta mata rabi, ta haɗiye rabi.

"Ai wannan ci gaba ne, Gwaggo. In ba ka isa ba ba a zaginka."

Litinin samarin babura ba su zo ba. Talata wani mutum mai farar riga ya zauna a shagon kofi da ke fuskantar teburinta, ya jingina wayarsa da kwalbar barkono, kyamararta na kallon masu cin taliya. Ma'aikatan asibiti da suke karyawa a wurinta kullum suka wuce suna kallon ƙasa. Wani direban tuk-tuk, irin adaidaita-sahun nan, da ta sani tun yana rarrafe ya ce ta zuba masa a leda, kuma kada ta miƙo masa, ta ajiye a wurin Kanha zai ɗauka. Ta koma gida da rabin tukunya a ranar, da kusan cikakkiya a ranar Alhamis. Taliyar shinkafa kuwa ba ta kwana, sai a zuba wa agwagin maƙwabta.

Juma'a shugaban kasuwa ya tsaya a gabanta, bai zauna ba, shi da ya saba cin kwano biyu.

"Inna, ana sake duba teburan bakin ƙofa."

"Teburan ko teburina?"

"Ni dai an ce in faɗa miki. Ki lallaɓa ki gyara abin nan."

Tsoro ya shige ta sosai. Da yamma, ana cin shinkafa, ta ajiye cokali ta ce a goge ta daga cikin wayar, duka.

"Ba ya goguwa, Gwaggo," in ji Nimol. "Ya riga ya bazu. Ko na goge namu, na 'yan waje yana nan."

"To ki faɗa musu su cire. Ni ban san su ba."

"In yi musu magana da wace waya? So kike a kore ni daga aiki?"

Kosal ya ce ta kwantar da hankalinta, jam'iyyarsa halastacciya ce, a ƙarƙashin inuwar doka take. Ya ce ba a ɗaure tsohuwa, duniya za ta yi musu dariya. Malis ta ƙara mata miya a kwano tana cewa, "Yaya, ai da sunan Nimol ne a kai da tuni mun shiga uku. Ke kuwa me za su ɗauka a wurinki? Ba aiki, ba miji, ba yara a makaranta." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kamar mai ba da magani. Nimol ta ce ai ba wanda ya sa mata magana a baki, ita ta faɗi abinta.

"A bayan gida na faɗa," in ji Gwaggo Sarom. "Kifi nake gaya wa."

Suka fashe da dariya su uku. Nimol har ta laluba wayarta, ta ce kaico da ba ta ɗauki wannan ba.

Takardar kira ta zo ranar Talata, mai farar rigar nan ne ya kawo ta har gida. Ana neman Sarom a ofishin gunduma gobe da ƙarfe tara, don a fahimci juna. Abin mamaki, gidan ya sake ɗaukar zumuɗi kamar za a biki. Malis ta goge mata farar rigar da take zuwa wurin ibada da ita. Kosal ya ce zai raka ta a matsayinsa na ɗan siyasa mai rajista, ya fesa turare. Nimol ta ɗauki izini daga makaranta, ta ce ai waɗannan abubuwa an san yadda suke ƙarewa, a karanta takardar ban haƙuri a gaban waya, a dangwala yatsa, a dawo gida. Kowane mako ana ganin irinsu a shafin gunduma, har mutane sun haddace kalmomin.

Jami'in da ya karɓe su bai girmi Nimol da shekaru da yawa ba, mai fara'a ne, har ya sa aka kawo wa tsohuwa ruwan sanyi. Aka tsayar da ita a gaban tuta, aka ba ta takarda. Ta riƙe ta a juye. Nimol ta matso ta gyara mata, sannan ta tsaya bayan mai ɗaukar bidiyo tana raɗa mata layi-layi.

"Ni Sarom, na yi nadamar yaɗa labarin ƙarya."

"Ni Sarom, na yi nadamar yaɗa labarin ƙarya. Amma kifin dai ƙanana ne, ɗana, kai ma ka je ka gani."

Mai ɗauka ya tuntsire da dariya, aka sake. A karo na biyu ta gode wa hukuma, ta zarce ta gode wa Kanha da ke tsare mata tebur. Aka sake. Sai a na huɗu aka samu yadda ake so. Kosal yana gefe yana gyaɗa kai yana murmushi, yana duban kowa a ido don a shaida cewa shi mai ba da haɗin kai ne.

Ta dangwala yatsa, ta fara neman takalmanta. Jami'in ya ce ta ɗan zauna tukuna. Ya juyo da wayarsa, ya nuna mata dogayen rubuce-rubucen da ke ƙarƙashin bidiyoyinta.

"Inna, maganar kifi ba ita ta dame mu ba, kowace tsohuwa tana zagin kifi. Wannan rubutun ne. Akwai sashe na kaza na dokar kamun kifi a ciki, akwai sunayen kamfanoni. Ke kika rubuta?"



Ya tura mata biro da farar takarda. "Rubuta min sunanki."

Ta dubi biron, ba ta taɓa shi ba.

"To kin gani. Ni ba na son wahalar da ke, kin haife ni. Ki faɗa min wanda yake rubutawa, gobe ki koma teburinki, ba mai sake zama yana kallonki. In kuwa kin ce ke ce, to mai irin wannan rubutu ba za ta zauna a ƙofar kasuwa tana tara jama'a ba. Zaɓi naki ne."

Ba ta waiwaya ba, amma tana jin numfashin Nimol a bayanta. Ta ba su lokaci. Ta sha ruwan nan a hankali, ta ajiye kofin, ta gyara bakin zane. Ba wai tana so yarinyar ta faɗa rami ba ne. So take ta ji ko da gyaran murya ne, wani ya fara cewa wani abu don ita ta katse shi. Kosal ya duƙufa yana karanta kalandar bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Nimol tana kallon yatsun ƙafarta.

"Ni na rubuta," in ji Gwaggo Sarom. "Yau ne idon ba ya gani sosai."

Jami'in ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga kai ya dubi biyun da ke tsaye, ya yi ɗan murmushi, ya jawo wata takarda daga aljihun tebur. Takardar sallama teburi ce, a shirye take, da sunanta da lambar teburinta. Ta sake dangwala yatsa.

A cikin tuk-tuk, tun ba su bar titin ofishin ba, Kosal ya saki wata irin dariya ta wanda ya tsallake rijiya.

"Kun ga yadda na yi shiru? Siyasa ke nan. Da na buɗe baki da na ɓata komai."

"Gwaggo, ke ta daban ce," in ji Nimol, ta rungume ta tana hawaye tana dariya. "Wai yau ne idon ba ya gani. Na kusa fashewa."

Suka tsaya aka sayi gasasshiyar agwagwa da giya. Malis ta tarbe su a ƙofa tana tafi. Kafin rana ta faɗi shafin gunduma ya saki bidiyon ban haƙuri, Nimol tana ta sanar da adadin masu kallo kamar mai karanta sakamakon ƙwallo. 'Yan waje suka ɗora hotonta a cikin baƙin zagaye, suka ce an tilasta wa Uwar Talakawa, gwagwarmaya na ci gaba. Ba wanda ya kira daga cikinsu, ba su ma san kasuwar da take ba. Jam'iyyar Zangarniya kuma ta fitar da sanarwa cewa matar nan ba ta taɓa zama mamba ba, hular da aka gani aro ce. Kosal ne ya rubuta da hannunsa, a kan tabarma, ƙashin agwagwa a ɗaya hannun. Har ya karanta musu don su ji daɗin tsarin kalmomin.

Jam'iyya uku suka ci abinci da fuskar matar nan, kowacce ta samu abin nuna wa mabiyanta, kuma duk cikinsu ba wadda ta yi asarar ko kujera ɗaya. Wannan ba ya ba ni haushi kamar na cikin gida. Su na waje ba su san ta ba. Waɗannan kuwa sun san ƙarfe nawa take tashi, sun san ciwon gwiwarta, sun san teburin nan shi ne kaɗai wurin da take da iko a duniya. Sun duba gidan kaf suka zaɓi wadda ba ta iya karanta abin da ake rubutawa da sunanta, suka kira hakan dabara. Har yau in ka tambaye su za su ce maka ai ba a ɗaure kowa ba.

Da asuba jikinta ya tashe ta kamar kullum. Ta hura wuta, ta daka kayan miya, ta matse taliya a ruwan zafi, sai da ta jera kwando na biyu sannan hannunta ya tsaya. Ta zauna a kan turmi tana kallon abincin mutum arba'in. Kanha ta turo saƙon murya, a gaggauce, ƙasa-ƙasa: an riga an ba wata mai sayar da rigunan waya wurin, tana ta kafa rumfa. Gwaggo Sarom ta saurara sau ɗaya. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, ta rasa wanda za ta zaga.

Ƙamshi ya fito da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna suka ci, suna santi. Malis ta ce gaskiya hutun nan zai yi wa Yaya amfani, dama tsayuwar ta yi mata yawa. Kosal ya ce rabonsa da cin taliyar nan da zafinta tun yana yaro.

Nimol ta share baki, idanunta suna ƙyalli. "Gwaggo, na kwana ina tunani. Tunda yanzu kina gida, mu buɗe shafin girki. Ba siyasa ko kaɗan. Ke dai ki riƙa dafawa kina surutunki, ni ina ɗauka. Mutane za su haukace."

"Da sunan wa?"

"Da naki mana, Gwaggo. Ai ke aka sani."

Ta riga ta ɗaga wayar tana neman inda haske ya fi kyau. Gwaggo Sarom ta dubi ƙaninta. Kosal ya miƙo mata kwanonsa, ya ce ta ƙara masa miya.